Yaƙi ko sulhu: gardamar Sakkwatawa kan masu bindiga

Malamin Tarihi, Mabera:
Assalamu alaikum. Tun daren 25 ga Disamba 2025 da Amurka ta harbo makamanta cikin jiharmu, duk majalisar da na zauna wannan gardama ake yi. Gwamnatin Tarayya ta ce da yardarta aka yi, kuma sansanonin dajin Bauni a Tangaza aka nufa. Mutanen Jabo ta Tambuwal kuwa sun wayi gari da ɓaraguzan ƙarfe a gona. Wasu na cewa ko wane ne ya zo, in dai zai kashe 'yan ta'adda, maraba lale. Ni kuma na taɓa jin wannan hujja. A 2003 aka ce Saddam Husaini yana da makaman ƙare dangi, yana kuma hulɗa da Alƙa'ida, a far masa tun bai far wa duniya ba. Har Nijar aka jawo cikin zancen, wai Iraƙi ta nemi sayen yuraniyam a can. Ranar 7 ga Maris 2003 Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun cinikin na jabu ne. Hans Blix, jagoran masu binciken makamai na Majalisar a Iraƙi, da mutanensa suna roƙon a ƙara musu lokaci. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan wuta a Bagadaza. A 2004 masu binciken Amurka da kansu suka ce babu tarin makaman nan. To jama'a, yaushe ne yaƙi yake zama magani, kuma wa ke da alhakin kawo shaida kafin a harba?

Bagobiri:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah shi ƙara sani, amma Bagadaza nesa take da Gatawa. Can cewa anka yi akwai makamai, ba a gane su ba. Mu da idonmu munka gani. Babur guda mutum ukku, kowa da AK-47, wani da mai jigida rataye ga wuya. Ba su ko ɓoyo, su da kansu ka ɗaukar bidiyo su sa TikTok. Ƙauyenmu bara sai da anka aza muna kuɗɗin noma kahin mu shiga gona, da gero yan nuna anka sake aza na girbi. Mai gari yab bi gida-gida, mai akuya yas saida akuyatai, mata sunka hidda kwanonin jerensu. Anka ƙulle kuɗɗin cikin buhun taki, yara biyu sunka kai bakin daji, sunka komo da saƙon a ƙaro man babur da katin waya. Disamban 2021 sunka tare mota da tat taso daga yankin Sabon Birni sunka cinna mata wuta da mutane ciki. Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa yar rasu hannunsu bayan duniya duk ta ga bidiyonai shina roƙo. Wace shaida kuma tar rage?

Ɗan Kasuwar Waya:
Allah ya biya ka Kawu. Ni fa masu kawo Iraƙi kullum sun ishe ni. Iraƙi kaɗai aka taɓa yaƙi? A 1994 duniya ta naɗe hannu a Ruwanda, cikin kwana ɗari aka yanka mutum wajen 800,000. A Janairun 2013 masu iƙirarin jihadi sun ci Konna suna gangarowa kudancin Mali, sojan Faransa ne suka tare su. Ƙungiyar Daesh, wato ISIS, ta ci Mosul ta Iraƙi a 2014, da wa'azi aka fitar da ita a 2017? Sri Lanka ta yi ta zaman sulhu da 'yan tawayen Tamil, sai a 2009 da soja suka murƙushe su aka huta. Shi kansa Saddam ɗin ai ba waliyyi ba ne, a 1988 ya watsa wa Kurdawan Halabja iskar guba, mutum kusan 5,000 suka mutu.

Mu dawo gida. A 2016 an yi sulhu da ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a Zamfara, ya watse. Masari ya yi a Katsina har sau biyu, daga baya da bakinsa ya ce sun ci amana. Matawalle ya yi a 2019. Kowane sulhu hutu ne suke samu, su sayi sabbin bindigogi da kuɗin fansa. Wanda ya ɗanɗana miliyoyi a zaune, da me za ka lallashe shi ya koma kiwo?

Malamin Tarihi, Mabera:
Ƙanena, ka kawo Mali amma ka tsaya a tsakiyar labari. Faransa ta shiga 2013, ta fita 2022. Da ta fita, masu bindigar da a da ke arewacin Mali sun bazu har Burkina Faso da Tillaberi. Kuma ina suka samo makaman tun farko? Libiya. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 don a kare fararen hula, Najeriya ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Kafin ƙarshen Oktoba an kashe Gaddafi a Sirte, rumbunan makamansa suka zama na kowa. Yaƙin da aka yi don maganin wata barazana shi ya haifo wadda ta iso ƙofarmu.

Ɗan Kasuwar Waya:
Amma Gaddafi ai tsoron abin da ya sami Saddam ne ya sa ya miƙa shirin makamansa a Disamban 2003. Ka ga yaƙi ya yi rana ke nan.

Malamin Tarihi, Mabera:
Ya miƙa, bayan shekara takwas aka kashe shi. Koriya ta Arewa ta ƙi miƙawa, ta gwada nata bam ɗin a 2006, har yau ba wanda ya taɓa ta. Kai a ganinka wane darasi sauran shugabanni suka ɗauka?

Tsohon Saje:
Ku dakata yara. Ni na sa kaki, na je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, don haka bari in faɗi nawa. Ina tare da masu cewa a yi yaƙi, amma yawancinku ba ku san abin da kuke kira ba. Jirgi ba ya riƙe gari. Zai zo ya sauke kayansa ya koma, kafin la'asar waɗanda suka tsira sun dawo sun tambayi wa ya ba da labarinsu, su yanka shi a gaban jama'a. Gwoza da Shekau ya kira hedikwatar daularsa a 2014, sojan ƙasa ne suka ƙwato ta a Maris 2015, suka kuma zauna a ciki. Jagoran 'yan bindiga Halilu Sububu da aka kashe a Satumban 2024, kwanton ɓauna aka yi masa a ƙasa, wani ne ya san hanyar da zai bi. Labarin sirri da ƙafar soja, su ne yaƙi.

Sai kuma ƙasar kanta. Wanda bai bi gabashin Sakkwato da damina ba ba zai gane ba. Fadama ce da rafuka, mota mai nauyi in ta saki kwalta ta shiga uku. Kun manta daminar 2024 da motocin sulke biyu suka kafe a laka a yankin Zurmi, yaran daji suka zo suna ɗaukar hoto a kansu? Su babur gare su, sun san kowace burtali. In ka matsa musu a Isa su zille Shinkafi, in ka matsa a Shinkafi su tsallaka Maraɗi. In ba a rufe ta kowane ɓangare lokaci guda ba, kora ce kawai kake yi daga gonar wani zuwa gonar wani.

Ɗalibar Shari'a:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Najeriya ta yaƙi masu bindiga a cikin ƙasarta, wannan ba ya buƙatar izinin kowa, aikinta ne. Kotun tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, ta ayyana Lakurawa, masu iƙirarin jihadin da ke yankin Tangaza da Gudu, a Janairun 2025. Wata ƙasa ta harbo makami cikin ƙasarka kuwa, dokar duniya hanya uku ta sani: ko Kwamitin Sulhu ya ba da izini, ko ƙasar tana kare kanta daga harin da aka kai mata kamar yadda sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya tanada, ko kai mai ƙasar ka yarda. Afganistan a 2001 da sashe na 51 Amurka ta kafa hujja, saboda harin 11 ga Satumba da ya kashe mutum kusan 3,000. Iraƙi ba ta kai wa kowa hari a lokacin ba, cewa aka yi za ta iya kaiwa nan gaba. Shi ya sa Kofi Annan ya ce a 2004 yaƙin ya saɓa wa kundin. Namu na Disamba a kan yarda ya tsaya. Abin da ke damuna shi ne dalilin da kowane ɓangare ya bayar daban ne. Trump ya ce don ana kashe Kiristoci ne. Abuja ta ce yaƙi da ta'addanci ne, ba ruwansa da addini. Mu kuma nan mun san waɗanda ake binnewa a Tangaza da Gudu da Sabon Birni galibinsu Musulmi ne. In mai harbi da mai ba da izini ba su daidaita kan dalili ba, ranar da suka saɓa kan inda za a harba, maganar wa za a bi?

Bagobiri:
Ɗiyata, wanda ruwa yac ci ko takobi anka miƙa mai kamawa shikai. Ni ban damu da abin da Trump yac ce ba.

Ɗalibar Shari'a:
Na ji Kawu, kuma wallahi ban raina abin da kuke ciki ba. Amma mutanen Gidan Bisa da Rumtuwa a Silame su ma neman tsira suke yi ranar 25 ga Disamba 2024, da jirgin da ya fito farautar Lakurawa ya yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 10 a cikinsu. Tudun Biri a Kaduna, Disamban 2023, masu Mauludi ne, sama da 80 suka rasu. Rann a 2017 sansanin 'yan gudun hijira ne. Waɗannan namu ne suka yi, waɗanda suka san ƙasar. Ina ga wanda ke kallonmu ta na'ura daga wata nahiya?

Baffa Makiyayi:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Duk wanda ya ce a yi yaƙi, ina roƙonsa ya faɗa mini da wa. Ni Bafulatani ne, an kore mini shanu, an ɗauki ɗan ƙanena sai da muka biya. Amma ranar kasuwa in na shigo gari, kallon ɗan bindiga ake yi mini. Akwai lokacin da 'yan sa-kai ke tare mutum a kasuwa don kamanninsa kawai, ba alƙali ba shaida. Ku tuna Oktoban 2021: aka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ba a jima ba aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Wane ne ya ci riba? Yaron da aka ƙone rugarsu, aka kashe ubansa, ba shanu ba makaranta, in ɗan bindiga ya miƙa masa babur da bindiga me kuke tsammani? Ban ce a bar masu laifi ba. Wanda ya kashe a kashe shi. Amma in aka ce yaƙi da ƙabila ne, to kowace gawa tana haifar da sabbin mayaƙa.

Ɗan Kasuwar Waya:
To ku fito da su mana, ai kun san su.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Kasuwa, a kiyaye harshe. Baffa dattijo ne, kuma shi ma abin ya taɓa shi. Ba a yi wa kowa kuɗin goro a nan.

Baffa Makiyayi:
Ba komai. Ɗana, masu kai musu burodi da fetur da ƙwaya da labarin wanda ya sayar da albasa ya samu kuɗi, a cikin gari suke, kuma ba duka Fulani ba ne. Kai ma ka fito da su.

Direban Illela:
Baffa ya taɓo inda nake so. Ni hanyar Illela zuwa Ƙonni nake bi. Bindiga ba a gona take tsirowa ba, shigo da ita ake yi, harsashi kuma ƙarewa yake, kullum sai an kawo sabo. Iyakarmu da Nijar ta fi kilomita 1,400, hanyoyin babur ba su ƙirguwa. Shingen da ke kan kwalta kuwa, mu direbobi mun san abin da ake dubawa, hannunka ake kallo ba buhunka ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, an hana sayar da fetur a jarka, an rufe kasuwannin dabbobi. Mu muka sha wuya, su kuwa suka koma hawa tudu suna kama layin Nijar.

Kuma kada mu manta 2023. Da soja suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ce za ta shiga da ƙarfi. Da an yi, ina ne fagen daga? Illela, Gada, Tangaza, Sabon Birni. Matata 'yar Ƙonni ce, surukaina zan yaƙa? Allah ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi, Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. To ko ba a harba ko ɗaya ba, rufe iyaka da yanke wuta sun ɓata tsakaninmu, sintirin haɗin gwiwa ya yi rauni. Bayan nan ne sunan Lakurawa ya cika gari a 2024.

Malamin Tarihi, Mabera:
Lakurawa ma ai darasi ne a kan wannan batu. Wajen 2017 zuwa 2018 wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu ne suka yi maraba da su don su kore musu ɓarayin shanu. Sun kore su kuwa. Daga nan suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna bulala, suna hana kiɗa, suna kora shanun da suka zo karewa. Mutanen nan ba wauta ce ta sa su ba, matsuwa ce, irin wadda Kawu Bagobiri ke faɗa. Duk mai ƙarfin da ka gayyato ya yi maka yaƙi, ka tambayi kanka wa zai sallame shi in ya gama.

Alaramma:
Bismillah. Kada a ɗauka addini ya bar wannan a buɗe. Mai tare hanya ya kashe ya ƙwace, hukuncinsa na hiraba yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 33, kuma mai tsanani ne. Aya ta 34 ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa. Ku lura, tuba tun yana da ikon ci gaba, ya ajiye makami, ba ya zo taron sulhu da bindiga a kafaɗa ya koma da ita ba. Wanda ya zo haka ba tuba ya yi ba, ciniki ya zo. Sannan zartar da hukuncin na shugaba ne, ba na kowane saurayi da ya ɗauki adda ba. Suratul Hujurat aya ta 6 kuma ta ce a bincika labari kada a auka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Da an yi aiki da ita da ba a yi Iraƙi ba, da ba a yi Tudun Biri ba.

Mu Sakkwatawa ma wannan gardama gadonmu ce. Bayan Tabkin Kwatto a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙi ya kai Barno, Shehu Al-Kanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla. Muhammadu Bello bai ce masa ya yi shiru ba, ya zauna ya ba shi amsa a rubuce, wasiƙu suka yi ta kai da komo. Masu takobi a hannu ma sun yarda ana tambayarsu hujja.

Inna 'Yar Rabah:
Allah gafarta Malam, mun gode. Ku maza kuna ta lissahin shekaru. Ni tun harin Tabanni na 2018 nike ganin matan da sunka zo Gandi da goyo, wasu har yau ba su koma ba. Wasu sun ƙetara Maraɗi wajen Gidan Runji. Ku zo cikin birni da dare ku ga masu kwana kangaye da bakin shaguna. Kowace kat tambaya, sulhu ko yaƙi, ce maka takai ita dai ta koma gida ta yi noma. Amma wadda anka yi ma ɗiyarta hyaɗe gabanta, kada wanda yac ce mata ta yahe don gwamnati ta yi taro. Ba hakkin gwamnati ba na, bale ta yahe shi.

Ɗalibar Shari'a:
Inna, wannan ita ce matsalar sulhun da aka yi ta yi. Na Neja Delta da 'Yar'aduwa ya yi a 2009 yana da wa'adi, an karɓi makamai an ƙirga, akwai shugabannin da in sun ce a tsaya za a tsaya. Nan kuwa daba-daba ce barkatai, ka yi da wannan, wancan ya ce bai san zance ba. Kuma ba a taɓa kiran waɗanda aka zalunta teburin ba.

Tsohon Saje:
Shi ya sa na ce a fara da ƙarfi. Ba mai ajiye bindiga yana ganin shi ke da rinjaye. Dubban 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya a Barno, sai bayan mutuwar Shekau a 2021 da yunwa da matsi suka fito. Amma Amurka ta shekara 20 a Afganistan da duk kayan duniya, ƙarshenta a Doha ta zauna da Taliban a 2020, a Agustan 2021 suka shiga Kabul. A Iraƙi kuma cin Bagadaza bai kai wata guda ba, sai Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa a Iraƙi, ya rushe rundunar sojan ƙasar a Mayun 2003, ya sallami dubban ɗaruruwan masu iya harbi ba albashi. Wasunsu su ne suka zama kwamandojin Daesh. In soja ya kori yaran daji daga gari, washegari a ga ɗan sanda da alƙali da malamin makaranta da mai allurar shanu. In ba su zo ba, soja na tashi waɗancan za su dawo, kuma wanda ya yi wa soja maraba shi za a fara nema.

Ɗan Kasuwar Waya:
Duk na ji Baba, amma wannan dogon shiri ne. Kafin a tara alƙali da malami an gama da mutanen Kawu. Ni dai a ci gaba da wuta, ko ta Abuja ko ta Amurka.

Tsohon Saje:
To madalla. Duk shekara ana ɗaukar kurata, daga shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'ar hannu, horo a Zariya. Jihohinmu ma ana ba su gurbinsu. Kai shekarunka nawa?

Ɗan Kasuwar Waya:
Na wuce Baba. Amma ƙanena ya cika fom, kuma ni na biya masa kuɗin kafe da na hoto. In an kira shi tantancewa zan turo maka shi ka koya masa fareti, don gudun da yake yi yanzu ko akuya ba zai kama ba.